Bunsurun da Ya Tafi Lome Karatu

Ni Nu'uman, ina da kantin littattafai a bakin tashar mota ta Sokode, tsakanin mai walda da mai shayi. Kafin shekarar da zan ba da labarinta na yi shekara goma sha ɗaya a wurin, kuma littattafan da na karanta daga bango zuwa bango ba su kai yawan yatsun hannuna ba. Wannan bai taɓa hana ni ba da shawara ba. Akwai baƙin allo da nake jinginawa a ƙofa, kowace Asabar in rubuta sunan littafin mako da alli, in ƙara masa yabo layi biyu. In duba bayan littafi, in leƙa shafin farko, in shinshina takardar, shi ke nan na zama masani. Mutane kuwa suna yarda da ni, don Allah ya hore mini baki.

Bakin nan shi ya haifi karatun Alhamis. Yawancin masu zama a bencina direbobi ne da 'yan kasuwa daga Nijar da Nijeriya, sai malaman zaure da ba su da ɗalibai ranar Alhamis. Kaɗan ne a cikinsu ke jin Faransanci, littattafan da ake rubutawa a ƙasarmu kuwa kusan duk da Faransanci suke. Sai na ari tsarin tafsiri. Bayan la'asar marubuci ya zauna a kujera ya ja baƙi, jimla ɗaya ko biyu, ya tsaya, ni kuma ina tsaye gefensa in juya da Hausa. Malamai sun yi gunaguni da farko, daga baya su ne ke riga kowa kama benci. Mun karanta littafin wani malamin gona a kan noman doya, da na wani dattijo da ya rubuta tarihin unguwarsu. Ina ƙara gishiri, ban musa ba. In marubuci ya yi sanyi in ɗumama shi, in ya yi tsawo in datse, kuma babu wanda ya taɓa kai ƙarata.

A shekarar babban yajin aiki, 1993, benci ya yi mana kaɗan. Makarantu a rufe, kaya ba sa fitowa daga Lome yadda aka saba, direbobi na zaune suna kallon tayoyinsu. Lokaci ne kuma da kowa ke magana yana waige. A ce an ɗauke wane, a ce an fasa shagon wane, kuma ba ka sanin mai kai rahoto. Ni dai na kafa wa kaina doka, a kantina ana karanta doya da tarihi, ban da abin da zai sa a zo nemana.

Bayan ƙaramar Sallah da mako biyu wani direba ya kawo mini ƙunshi daga Dapaong, wasiƙa da kwafi ashirin na wani ɗan littafi. Mai shi Madam Salamata ce, mai buga tafireta a wata makaranta da yajin aiki ya rufe. Shafi arba'in ne, ita ta buga da hannunta ta ɗinke da zare. Sunansa, in an juya da Hausa, Alidu Bai Iso Ba. Ta roƙi in ba ta Alhamis ɗaya. Na leƙa shafin farko na ga yara biyu suna ɗiban ruwa a rijiya, na ce wannan labarin ƙuruciya ne. Na ɗauki alli na rubuta cewa littafi ne mai sanyaya rai, kowa ya zo ya huta. Abin da na rubuta ke nan, da hannuna, har da ƙawata haruffan.

Ta iso da azahar, doguwar mace da ba ta wuce shekara talatin ba, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ta kawo mini tsarabar ƙwan zabi a ƙwarya. 'Yar ƙabilar Moba ce, amma a kudu ta tashi inda mahaifinta ya yi aikin gwamnati, don haka Hausarta ba ta wuce "sannu" da "nawa ne?" ba. Muna jera benci ta gaya mini da Faransanci cewa ta zaɓi kantina ne saboda direbobi, don an ce mata duk mai bin hanyar Lome yana zama a nan. Na ɗauka yabona take yi, na ce ai kuwa ba ta ɓata hanya ba.

An cika, har wasu na tsaye a jikin motoci. Ana shirin farawa sai ga wani baƙo da rigar safari da takalmi mai sheƙi, da ɗan littafin rubutu da biro biyu a aljihun gaba. Ya yi sallama ya zauna a ƙarshen benci. Na dubi mai shayi, ya girgiza kai, shi ma bai san shi ba. Na sha jinin jikina, amma na ce labarin rijiya ba ya kai mutum ko'ina.

Salamata ba ta fara daga rijiya ba. Ta buɗe can shafi na talatin, ta gyara tabarau, ta karanta a hankali don kada in rasa kalma. Ga abin da ta karanta. Ƙaninta Alidu ɗalibi ne a Lome, shekararsa ashirin da uku. A ƙarshen Janairu, lokacin da mutane ke gudu daga birnin, ya hau mota zai zo gida. Wani abokinsa ya ce a wani shinge kudu da Sokode wasu mutane da mota marar lamba suka sauke shi, tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Dogo ne, siriri, da cindo a hannun hagu, wato ɗan yatsa na shida. Duk wanda ya gan shi, da rai ko ba rai, ya taimaka ya faɗa. Ta tsaya, ta ɗago ta dube ni.

Na ji kowace kalma. Ba zan ce Faransancin ne ya fi ƙarfina ba. Mutum ɗaya a wurin ya ji abin da na ji, wani tsohon akawu, shi kuwa ya lallaɓa ya saka takalmansa ya bi ta bayan mai walda. Na kalli baƙon nan, na ga hannunsa ya tafi aljihu wajen biro. A saman wata mota da ke gabana an ɗaure wani bunsuru yana ta kuka, shi idona ya faɗa wa.

Na ce, "Madam ta ce suna da wani bunsuru a gida, sunansa Alidu. Wata rana ya ce shi ya gaji da dusa, Lome zai tafi karatu."

Aka kwashe da dariya. Da na ji dariyar sai bakina ya kama aikinsa shi kaɗai. Cindon ya zama ƙaho na uku. Shingen ya zama wata akuya mai kwalli da bunsurun ya hango ta taga, ya ce wa direba a sauke shi nan. Akwai wani direban babbar mota, Ɗan Azumi, mutumin Dogonduci, ƙato mai dariya da dukan jikinsa. Sai da ya zame daga benci yana riƙe da ciki.

Salamata ta bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta matso da kanta ta tambaye ni a hankali abin da ya ba su dariya. Na ce mata haka mutanenmu suke, in abu ya yi musu nauyi sai su yi dariya don kada su yi kuka a gaban mace. Ta gyaɗa kai. Ta yarda. Ta ci gaba da karatu har ta ƙara shafi huɗu, ni kuma ina biye da bunsuruna daga wannan gari zuwa wancan. Da ta gama ta rufe littafin ta tambayi taron kai tsaye ko akwai wanda ya gan shi. Na ce Madam ta ce duk wanda ya kamo bunsurun akwai goro. Aka sake dariya, aka tafa mata. Ta jira har aka yi shiru, ta ƙara jira. Sannan na gaya mata babu wanda ya gan shi.

Ta yi mini godiya. Ta ce in riƙe littattafan in ba duk mai so, ta ɗauki jakarta ta nufi layin motocin arewa.

Ba ta yi nisa ba baƙon nan ya taso ya gaishe ni da ladabi. Ya ce daga Kambole yake, maganin ɓera yake sayarwa, ko zan ba shi izini ya yi tallarsa kafin jama'a su watse. A ɗan littafin nan waƙar tallar ce ya rubuta don kada ya manta.

Wannan wurin ne ya fi ci mini rai, don haka zan faɗe shi yadda yake. Tsoro ya tafi a lokacin. Direbobi na nan suna shan shayi. Salamata na zaune a cikin mota tana jiran ta cika, ina hangen ɗankwalinta daga ƙofar kanti. Taku talatin ne tsakaninmu. Abin da ya rage kawai in tafa hannu in ce jama'a ku dawo, ƙarya na yi muku. Amma Nu'uman mai baki, wanda malamai ke tambaya me za su karanta, ya tsaya a gaban tasha ya ce ya ji tsoron mai maganin ɓera? Na kasa. Na tsaya ina goge allo har motar ta tashi. Ƙwan zabin kuma na kai gida aka dafa, na ci tare da kowa.

Littattafan na tura su ƙarƙashin kanta na ɗora musu kwalin alli. Mutane suka yi ta tambayar littafin bunsuru, ina cewa ya ƙare. Na gaya wa kaina yaron ya riga ya mutu tun ranar da aka sauke shi, cewa ko na faɗi gaskiya babu abin da zai canza. Na maimaita wannan har ya kusa zama gaskiya a kunnena. Amma na daina kallon layin motocin arewa.

A watan Agusta aka janye yajin aiki, motoci suka koma hanya. Wata safiya Ɗan Azumi ya shigo, ya ce zai je gida ƙarshen wata, yana son littafin bunsuru ya kai wa 'yarsa da ke lakwal, wato makarantar boko, ta iya Faransanci, ta karanta wa iyayenta mata su sha dariya. Na ce ya ƙare. Ya sunkuya, da yake dogo ne, ya hango su ƙarƙashin kwalin, ya zaro ɗaya. Ina ma in ce nadama ce ta buɗe bakina. Ba ita ba ce. Na dai ga cewa yarinya 'yar lakwal za ta tona ni a Dogonduci, gara in riga ta.

Na karɓi littafin na buɗe shafi na talatin, na juya masa shi da Hausa kalma bayan kalma, ban ƙara komai ba. Ya saurara yana murmushi, yana jiran inda bunsurun zai fito. Da na zo kan cindo murmushin ya tafi.

Ya ce, "Mi ka ce? Hannun hagu?"

Na ce hannun hagu.

Ya nemi benci ya zauna. Ya ce a Langabu, gindin mangwaron da mata ke sayar da doya, tun kafin azumi akwai wani saurayi. Wata mai doya ce ta tsince shi a kwalbati da rauni a kai, ta yi jinyarsa. Ya warke amma bai ƙara magana ba, bai san sunansa ba, sai dai ya zauna yana rubutu a ƙasa da yatsa. Direbobi suka sa masa Ɗan Lakwal. Ya ce babu direba a tashar nan da bai san shi ba, shi da kansa ya sha miƙa masa burodi, da wannan hannun mai cindo yake karɓa. Zazzaɓi ya kama shi da damina ta faɗi. Bayan babbar Sallah da mako ɗaya ya rasu, mutanen garin suka yi masa sutura.

Ya ce, "Ranar da ka yi muna tatsuniyar bunsuru, da safe na wuce shi shina zamne. Mun fi goma a bencin nan mun san shi."

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya miƙe ya ce gobe yana da lodi zuwa iyaka, ta Dapaong zai bi, in shirya.

Tun daga Sokode har Kara har Mango idonsa na kan hanya. Ni kuwa kaina bai huta ba. Na lura cewa shi ba ya jin Faransanci, ita ba ta jin Hausa, duk abin da zai wuce tsakaninsu ta bakina zai bi. Ina iya cewa yaron ya rasu tun Fabrairu, kwana biyu da tsintarsa. Ta sami kabari, ta sami haƙuri, ni kuma in fita da mutuncina, har a gode mini. Kafin mu shiga Dapaong na gama shirya jimlar da Faransanci mai kyau, na maimaita ta sau uku a zuci. Ina jin kunyar faɗin wannan, amma haka aka yi.

Gidan su Salamata yana bayan kasuwa. Mun tarar da mahaifiyarta, tsohuwa 'yar ƙarama, tana ɓarar gyaɗa a inuwar zaure. Salamata ta fito da murna da ta gan ni, ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Ta gaya wa tsohuwar da Moba ko ni wane ne, tsohuwar ta kama hannuna da hannu biyu ta yi ta sa mini albarka. Salamata ta ce ni kaɗai ne mai kanti da ya buɗe mata ƙofa a lokacin da kowa ke rufe tasa.

Don in jinkirta, na tambaye ta ko ta karanta littafin a wasu wurare. Ta ce a'a. Ta ce niyyarta a wancan lokacin ta kwana a Sokode, washegari ta bi hanya gari-gari zuwa kudu, ta sauka duk inda motoci ke tsayawa ta tambaya, har Atakpame. Amma bayan dariyar nan ta kasa ci gaba. Ta san al'adarmu ce, kamar yadda na bayyana mata, ba ta riƙe kowa ba, sai dai ta ga ba za ta iya sake jin ta ba, shi ya sa ta juya gida. Langabu na kan wannan hanyar da ta fasa bi. Da kwana ɗaya ko biyu za ta isa gindin mangwaron.

Jimlar da na shirya ta ɓace mini. Na sunkuyar da kai na gaya mata komai, daga rigar safari har ƙaho na uku har goro. Na gaya mata babu wata al'ada irin wannan, ni na ƙirƙire ta a tsaye. Na ce wannan mutumin da na zo da shi ya san inda Alidu yake kwance, kuma zan juya mata duk abin da ya faɗa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta cire tabarau ta goge da bakin zane ta mayar. Ta tashi ta je jikin katanga ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira. Wata mata mai jiki ta shigo tana goge hannu, Memounatou, mai sayar da tumatir a kasuwa, wadda ke jin Moba da Hausar kasuwa. Salamata ta nuna mata wuri tsakaninta da Ɗan Azumi, daidai inda nake zaune. Na ja jikina gefe har na sauka daga tabarmar.

Da Faransanci ta ce mini, "Kai ka huta." Daga nan ba ta ƙara yi mini magana ba.

Ɗan Azumi ya faɗi abin da ya sani, Memounatou na juyawa da Moba guntu-guntu. Hausarta duk a karye, mace ta ce mata shi, namiji ta ce masa shi, kuma sau biyu tana sa Ɗan Azumi ya maimaita don ba ta gane ba. Ni da na fi su duka iya magana ina zaune a ƙasa kusa da ɓawon gyaɗa, hannuwana a kan gwiwa. Tsohuwar ta daina ɓara. Aka tambayi sunan mai doyar, aka tambaya ko yaron yana cin abinci, ko yana da abin rufa in ana ruwa, ko an yi masa salla.

Sai Salamata ta tambayi lokacin da ya rasu. Ɗan Azumi ya dube ni sau ɗaya, ya kau da kai, ya ce bayan babbar Sallah da mako guda. Da Memounatou ta juya, na ga Salamata na naɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya a kan cinya. Ta tsaya a bakwai. Mako bakwai ke nan daga ranar da ta zauna a kujerar kantina.

Can tsohuwar ta yi wata magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan gyaɗar. Memounatou ta juya ga Ɗan Azumi.

Ta ce, "Mama ya ce, tunda yaron kansa ya taɓu, mutanen can yana yi masa dariya?"

Ɗan Azumi ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "A'a. A Langabu ba wanda ya taɓa yi mai dariya. Sau guda aka yi mai dariya, a kantin littattafai, kuma ni na fi kowa yi."

Na so Memounatou ta sassauta, ta rage wani abu, ko don tsohuwar. Ba na jin Moba, amma na ga tsohuwar ta ɗago ta neme ni da ido har ta same ni a gefen tabarma, na san Memounatou ta faɗa mata yadda yake.